Fetur ɗin da Na Haɗa a Saman Bene

Jarka ta huɗu ce ta tona mini asiri. Ta fashe tsakanin azahar da la'asar, ina can shago a Sultana ban san wainar da ake toyawa ba. Ruwan ya bi indararo, ya gangaro jikin bango, ya zube a kan farar motar mai gidan da muke haya. Kafin in iso unguwarmu, Harra ta Yamma, tsohon ya riga ya hau saman bene da sandarsa, yana tsaye bayan tankin ruwa inda na ɓoye kayana, ya toshe hanci da gefen shimag, ƙyallen nan da Larabawa suke yafawa a ka.

"Ya walad, kai yaro, zo nan. Esh hada? Mene ne wannan?"

Na ce ruwan rake ne, Ammi, wato Baffa, yadda ake kiran dattijo a nan.

"Ruwan rake? Ni za ka faɗa wa ruwan rake? Shekara saba'in ina da hanci." Ya ɗaga wayarsa ya nuna mini. "Na kira kawunka, yana hanya. Shi nake jin nauyi. In ba don shi ba, da yanzu shurɗa ce, 'yan sanda, a tsaye a nan. Giya a gidana? A Madina?"

Ni baƙo ne a ƙasar nan. Iƙamata, takardar izinin zama, ta hannun Kawu ta fito, a shagonsa nake aiki, a gidansa nake ci. Ko ba a kira 'yan sanda ba, Kawu kaɗai ya isa ya sa a buga mini fita ba dawowa, in koma Sudan wurin mahaifiyata, ga halin da ƙasar take ciki, ga sunan wanda ya dafa giya a garin Manzo yana biye da ni har ƙauye. Abin da ke kaina ke nan ina tsaye a rana, ƙudaje suna bin danƙon da ya malale a siminti.

Amma bari in faɗi yadda aka yi jarkokin suka hau can.

Kawu, yayan mahaifiyata, yana da ƙaramin shagon ruwan rake a Sultana, tsakanin mai gyaran waya da mai shawarma. Ni ne a kan inji. In fere, in datsa, in tura sanda ta shiga ta wancan gefe ta fito a bushe, ruwan ya zubo kore-kore da kumfa. Kafin nan na yi wankin mota, na yi faci, na tura keken tsofaffi a bakin Harami, babu wanda na yi wata shida a ciki. Raken ne kawai na zauna, don shi na sani tun ina yaro. A garinmu gonar rake ce ke kewaye da mu. In na ƙwanƙwasa sanda da farce na san ko tana da ruwa ko ta fara mutuwa.

Kawu yana da doka guda a shagon da ba ya wasa da ita. Ruwan da muka matse muka ajiye a jug don cunkoson bayan magariba, in ya yi saura, zubar da shi ake yi a ranar. Ba a kai shi gida, ba a sa shi a firij a ce gobe. Ya ce ruwan rake da kansa yake juyawa ya zama abin da ba a ambata, kuma shi ba zai tsaya gaban Allah a tambaye shi kofi ɗaya ba. Shekaru da hannunsa yake tuntsurar da jug ɗin a kwatami. Sai bara da ciwon baya ya matsa masa ya miƙa mini makulli, ya ce, "Ga shago, ga jug. Ka san abin da ake yi." Ran nan na ji ni ma mutum ne.

Sai ga Muhandis.

Ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, wata huɗu na ba shi a duniya. Benci ɗaya muka zauna a makaranta. Ni na koya masa iyo a kogi, ni nake hana manyan yara ƙwace masa karin kumallo. Na bar makaranta a aji biyu na tsakiya don zaman aji yana sa ni ƙaiƙayi, shi kuma ya manne wa benci har aka ba shi gurbin karatu a Indiya. Yanzu yana koyon aiki a wani kamfanin sukari a can. Bai ma gama ba, amma tun a filin jirgi Kawu ya fara ce masa Muhandis, wato injiniya, sunan ya bi shi. Ya yi Umra, ya zo Madina hutun wata guda, aka sauke shi a ɗakina. Katifata aka ba shi, ni na koma bargo a ƙasa.

Juma'ar farko Kawu ya tara abokansa cin abinci bayan masallaci, 'yan Sudan, 'yan Chadi, har da mai gida. Ni ne mai kai tire da zuba shayi. Wani tela ɗan Chadi ya tambayi Muhandis me suke yi a kamfanin, shi kuma ya gyara tabarau ya fara.

Ya ce a can akwai shekarar da rake yake yin albarka fiye da kima, sukari ya cika rumbuna, farashi ya faɗi, kamfani ya rasa mai saye, manomi ya rasa mai biyansa. To maimakon a mai da raken duka sukari, sai a karkatar da wani kaso na ruwan, a bar shi ya yi tsami, a fitar da wani sinadari da ake kira itanol, a gauraya da fetur. Mota ta sha, sukari ya ragu a kasuwa, manomi ya numfasa.

"La ilaha illallah," in ji telan. "Wato mota ma rake take sha?"

"Sha take yi, Baba, ba ta ko yatsine fuska."

Aka yi dariya. Mai gida ya ce mashaAllah har sau uku. Kawu ya ɗebo tsokar da ta fi kowacce a tire ya tura gabansa, ya ce, "Kun gani? Rake dai rake, amma wani ya san abin da ke cikinsa."

Ina tsaye da butar shayi a hannu lokacin da ya faɗi haka. Bai dube ni ba, kuma na san ba da ni yake ba. Wannan ne ma ya fi ci mini rai, ko tunawa bai yi ba cewa akwai wani a ɗakin da yake wuni da rake a hannu. Na leƙa tafin hannun Muhandis yana karɓar kofi, sumul kamar na mai sayar da turare. Nawa duk tsagar ɓawo ce. Na fita ɗauko na'ana'a, da na dawo ya riga ya wuce wani wurin a bayaninsa, suna maganar injuna da bututu. Ban tambayi abin da na rasa ba. In tambaye shi? A gaban mutane?

A satin nan kuma baƙin Umra suka ragu, Kawu kuwa ya riga ya yi odar rake da yawa. Dammuna a jingine a bayan shago suna bushewa, jug yana saura rabi, wani lokacin fiye. Ranar da na ɗaga shi zan tuntsurar, sai na tsaya. Na ce to ai ga shi nan, matsalar Indiya ce ta same mu a Sultana. Rake ya yi yawa, babu mai sha. Shi yana ba da labari a kan tire, ni kuwa ga rake, ga inji, ga babur ɗin shago da nake kai oda da shi. Na hango ranar da zan tayar da babur ɗin a ƙofar gida, Kawu da Muhandis suna tsaye, in ce musu ku san me yake sha?

Na wanke jarkokin man girki guda biyar da mai shawarma ya yar. Kullum in juye sauran jug a ciki, in ƙara da raken da ya fara bushewa, in ɗaure a bayan babur in kai gida, in haura da ita saman bene a ajiye a inuwar tanki. Babu mai hawa can sai in ruwa ya ɗauke. Kawu ya tambaye ni sau ɗaya, "Kana zubarwa dai?" Na ce ina zubarwa. A raina na ce ai zubawa nake yi, a jarka. Na san ƙarya ce.

Ukun farko da suka fara kumbura kamar cikin jaki, tsoro ya kama ni, na cire murafen na ɗaure bakinsu da tsumma. Suka yi ta kumfa suna huci, daga baya suka yi shiru. Shirun ya dame ni. Na ce ƙarfin ne ya gudu ta bakin, don haka ta huɗu da ta biyar na murɗe su tamau, har da leda a ƙarƙashin murfi. Niyyata in sun nuna in tace da kyalle in zuba a tankin babur. Iyakar ilimina ke nan. Kuma wallahi ko sau ɗaya kalmar giya ba ta zauna a kaina ba. Na san dokar Kawu, na san dalilinta, amma a ganina wancan na sha ne, wannan na inji ne, hanyarsu daban.

Duk wannan lokacin muna kwana ɗaki ɗaya da mutumin da zai iya gaya mini gaskiya cikin minti biyu. Da safe ya ce, "Ɗan'uwa, yau ma rake?" In ce, "Yau ma rake, babban Muhandis, mu ai ba mu da bututu." Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

To ga mu a saman bene. Na ji takun Kawu a matakala, a hankali saboda bayansa, da wani takun mai sauri a bayansa. Ban ma juya ba na san waye.

Kawu ya tsaya yana haki. Ya dubi jarkokin, ya dubi wadda ta tsage, ya shaƙi iskar sau ɗaya. Fuskarsa ta canja.

"Na shagona ne?"

Na ce eh.

"Tun yaushe?"

"Sati uku."

Ya kau da kai daga gare ni. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Mai gida ya buga sanda a ƙasa. "Ya Hajj, shekara nawa muna tare ban taɓa jin kanku ba. Amma wannan, la, ba zai yiwu ba. Ko ka fitar da shi daga ƙasar nan ko ni in yi abin da ya wajaba a kaina. Jikokina suna gidan nan."

Muhandis ya ce, "Ammi, a ba ni izini in duba?"

Ya tattare jallabiyarsa ya tsuguna. Ya kwance tsumman jarka ta farko ya sunsuna, ya kauda kai yana ƙifta ido. Ya karkata ta, wani abu mai yauƙi kamar fatar madara yana yawo a sama. Sai ya tsoma yatsa ya kai baki. Mai gida ya ce a'uzubillahi.

"Khal ne, Ammi. Ruwan khal, irin wanda Hajiyarka take zubawa a salak. Wannan ma. Wannan ma haka. An bar bakinsu a buɗe, iska ta shiga, sun wuce wancan matakin sun zama khal da kansu. Taɓa ka ji."

Tsohon ya miƙa ɗan yatsa kamar mai taɓa wuta, ya ɗanɗana. Ya yamutsa fuska. "Wallahi khal. Mai ƙarfi ma." Ya nuna ta biyar da wadda ta fashe. "Waɗannan fa?"

"Waɗannan ba zan yi maka ƙarya ba, suna tsakiyar hanya, yanzu haka haramun ne a sha su. Amma duk khal ɗin duniya ta nan yake bi. Kuskurensa rufe su da ya yi."

Na ga kafaɗar mai gida ta sauka. Ya juyo gare ni, muryarsa ta yi laushi. "To ya walad, me ya hana ka faɗa tun farko? Khal kake yi?"

Muhandis ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ya ɗan gyaɗa kai, kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani. Ga ƙofa ya buɗe mini, eh kawai zan ce in wuce. Kawu ma ya ɗago yana jira.

Har yau ina tambayar kaina me ya shiga bakina. Abin da na sani shi ne na gan shi a tsugune, jallabiya fara tas ko ɗigo bai taɓa ta ba, ya zo ya sunsuna aikina na sati uku ya ba shi suna, yanzu kuma zai ba ni amsar da zan faɗa kamar yadda yake tura mini takardarsa a ƙarƙashin benci ranar jarrabawa. Gobe a kan tire za a ce Muhandis ya ceci yaron nan.

Na ce, "Ba khal nake yi ba."

"Fetur nake yi. Irin nasu na Indiya. Rake ya yi mana yawa a shago, na ce maimakon a zubar, babur ya sha."

Muhandis ya rufe ido. Mai gida ya dube ni, ya dubi jarkokin man girki da tsummokarana a bakinsu, ya dubi Kawu. Sai wani sauti ya fito masa ta hanci. Ya yi ƙoƙarin riƙewa ya kasa. Ya fashe da dariya har sandar ta faɗi, ya dafa tanki yana tari, hawaye na bin gemunsa.

"Fetur! Ya jama'a! A Saudiyya! Ƙasar da in ka haƙa rami za ka binne kyanwa sai mai ya fito, shi ne ka hau saman gidana kana haɗa mana fetur da rake? Ya Hajj, ka riƙe yaron nan da kyau, kar gwamnati ta ji ta sace shi!"

Ya juya wurin Muhandis yana share ido. "Da ya zuba a babur ɗin fa?"

Muhandis ya amsa da ƙaramar murya, ba ya son faɗa. Ya ce da injin ya mutu a ranar. Ya ce abin da ke jarkar kusan duk ruwa ne da sauran zaƙi, sai an dafa shi a manyan tukwane an kama tururin, an sake tacewa har ruwan ya fita sarai, kuma ba aikin da ake yi a gida ba ne, sai da izinin hukuma. Wato daidai wurin da na fita ɗauko na'ana'a.

Tsohon ya ɗauki sandarsa ya nufi matakala yana ta maimaita "fetur" yana girgiza kai. Daga ƙasa ya ɗago murya ya ce in wanke masa mota da bango kafin magariba, kuma kar ya sake ganin ko kwalbar ruwa a saman nan. Maganar shurɗa ta mutu a nan. Na san kuma kafin isha duk layinmu an ji.

Kawu bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya jira takun tsohon ya ɓace.

"Na tambaye ka kana zubarwa, ka ce mini me?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni ban damu da fetur ɗinka ba, ban damu da khal ba. Abu ɗaya na ce kar ya kwana. Na ba ka jug don bayana ya hana ni, ka kalli idona ka ce ka zubar." Ya miƙo hannu. "Makulli."

Na ciro na ba shi. Muhandis ya buɗe baki, "Kawu, ai niyyarsa..." Kawu ya ɗaga masa hannu, karo na farko tun zuwansa da aka katse shi. Ko wannan bai yi mini daɗi ba yadda na zata.

"Ka sauke su duka ka zubar a gabana. Sauran magana sai na yi tunani."

Na sauke su ɗaya bayan ɗaya, daga bene hawa uku. Muhandis ya kama hannun ta biyar zai taya ni, na fizge. Kawu yana tsaye a bakin kwatami har ɗigon ƙarshe, har da khal ɗin da aka ce halal ne. Sannan na ɗebo ruwa da omo na hau motar mai gida, yaran layi suna wucewa suna tambayata ko lita nawa ce yau.

Kwana shida Kawu bai ce mini uffan ba. Shi yake buɗe shago, shi yake rufewa, ni ina kan inji kamar an dasa ni. Kowace safiya ina jiran ya ce in kawo fasfo. Muhandis ya yi ta neman mu yi magana a ɗaki, ni kuma in juya wa bango fuska. Ranar da zai tafi ma ban raka shi filin jirgi ba, na ce akwai oda. Ya bar mini katifata a gyare, da tabarmar sallarsa sabuwa a kai.

Washegari da hantsi Kawu ya kira ni bayan shago, wurin da raken yake jingine, ya faɗi abin da ya yanke. Na ce na gode, ya ce ba shi zan gode wa ba, ya koma ciki. Na zauna a kan dami na ciro waya. Na rubuta na goge ya fi sau biyar. Ga abin da na tura wa Muhandis a ƙarshe:

"Salam. Ka sauka lafiya? Kawu ya ce ba zai mai da ni gida ba, saboda Inna. Amma makulli ya tafi ke nan, ya ce ko shekara goma zan yi a shagon shi zai riƙa zubar da jug da bayansa mai ciwo, ni in tsaya in kalla. Ya ce kai ka roƙe shi a hanyar filin jirgi. Ban sa ka ba. Na gode dai. Kar ka faɗa wa Inna, kar ka faɗa wa taka uwar don duk ɗaya ne. Kuma in kana ba abokanka labari a can kuna dariya, ka faɗa musu ukun farko sun yi kyau, kai da bakinka ka ce. Tukwanen nan da ka ce ana kama tururi da su, turo mini hotonsu in gani. Ba yi zan yi ba. Gani kawai nake so."